Kofin Baƙi

Daga sansanin aiki,
Ranar Lahadi.

Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga gida ba, da fatan takardar nan ta same ku lafiya. Ya aikin asibiti, ya fama da masu haihuwa? Ƙafar nan taki ta daina kumburi kuwa, ko har yanzu kina yini a tsaye kina ce mini ba komai? Ya 'yan matanmu, Lauya da Auta? Ni lafiyata lau, in ban da ciwon bayan nan da kika sani, wanda yake riga kowa gaishe ni da safe.

Kar ki yi mamakin ganin wasiƙa. Mun matsa gaba da jan layin wuta, mun shiga inda babu sabis sam. Wanda yake son jin muryar iyalinsa sai ya hau can saman turke ya ɗaga waya sama. Shekaranjiya na hau, na ji kin ce halo, halo, sai shiru. Na sauko na nemi biro. Direban motar kaya zai riƙa kawo miki, ki riƙa ba shi amsa in zai dawo. Ki faɗa wa Auta cewa Baban waya ya koma baban takarda na ɗan lokaci. Har yau ban san wace wayar take nufi da wannan suna ba, ta wuta da nake ja, ko ta aljihu da take jin muryata a ciki. Tsoro nake ji in tambaye ta.

Na san kin ji maganar ƙudurin ƙarin haraji da gwamnatin tarayya ta kai majalisa. Mu a rediyon mai dafa mana abinci muka ji, muna tsakar cin na rana. Wani babban jami'i ya yi ta rantsuwa cewa masu kuɗi kawai za a taɓa, masu matsakaicin hali su kwantar da hankalinsu, 'yan tsakiya ba abin da zai same su. Sai Manaja, mai motoci biyu da 'ya'ya a ƙasar waje, ya sauke ajiyar zuciya, wai mu 'yan tsakiya mun tsira. Mai gadi ma, da yake tsaye a bakin rumfa da kwanonsa, ya ce madalla, ashe ba za a taɓa mu ba. Na dubi wannan, na dubi wancan, na ce a raina ashe tsakiyar nan faɗi gare ta.

Ni kuwa ba za a ba ni labarin tsakiya ba. Kin san abin da ya sa 'yan gidanmu suke kirana Na-Tsakiya. In an zo rabo, Yaya ya zaɓa don shi ne babba, ƙanina a ƙara masa don kar ya yi kuka, ni a shafa kaina a ce in yi haƙuri, ai ni mai hankali ne. Tun daga nan, duk ranar da na ji ana yabon na tsakiya, sai in dafe aljihuna.

Ban yi kuskure ba. Sakataren ƙungiyarmu ya samo ƙudurin ya karanta mana. An ja wani layi, duk gidan da kuɗin shigarsa ya haura layin a shekara, za a ƙara masa haraji a kan abin da ya haura ɗin. Wannan bai tayar mini da hankali ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne alawus ɗin nisa, ɗan kuɗin da ake ba mu don muna kwana a daji cikin kwantena. An ce daga yanzu shi ma za a yanke shi kamar albashi. Wato kewar 'ya'yana ma ta zama riba, sai gwamnati ta ɗebi rabonta.

Amma ba zan zalunce su ba, akwai abin kirki a ɓangaren kashe kuɗin. Za a biya wa 'ya'yan gidajen da ke ƙasa da layin kuɗin jami'a. Za a gina sababbin ɗakunan haihuwa a asibitoci irin naku, sai na tuna ranar da kika dawo kina huci don kin karɓi haihuwa a baranda, gado ya ƙare. Za a kuma ƙara tsawon layin wutarmu. Wayar da nake ja da albashin da ake biyana ba daga sama suka faɗo ba, daga aljihun wani aka ciro su, na sani. Ban ƙi biya ba. Abin da yake ci mini rai, mu masu albashi ba a ko yi mana sallama, a yanka tun kafin ya iso hannu. Mai shaguna uku a kasuwa kuwa ya ce bana babu ciniki, a ce masa Allah ya kawo.

Maganar dawowata tana nan daram. Da zarar mun gama wannan zangon, za a mayar da ni sashen gyara na garinmu, Manaja ya amsa mini. Albashin ya fi ƙanƙanta, babu alawus, amma zan riƙa kwana a gadona. Babu ƙudurin da zai canza wannan.

Ki gaishe da Umma, ki ce ina neman addu'a. Allah ya bar mu tare.

Mijinki,
Na-Tsakiya.


Daga sansanin aiki,
Ranar Alhamis.

Maman yara,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na ji daɗin jin kuna lafiya, Allah ya ƙara mana ita. Ya jikin Umma? Tarin Auta ya lafa? Kafin komai, barka da arziki. Babbar ungozoma ta ɗakin haihuwa! Na karanta layin nan sau biyu, sannan na fita na faɗa wa duk wanda na gani, har mai gadi sai da ya yi mini murna.

Sai na dawo na karanta sauran, murnar ta ragu.

Bari in maimaita abin da Yayanki Akanta ya faɗa miki, in ban fahimta daidai ba ki gyara mini. Ƙudurin ya ce za a haɗa kuɗin miji da na mata a lissafa su gida ɗaya. In na dawo, albashina da naki na sabon muƙami za su ɗan leƙa saman layin. Ƙarin harajin ba wani mai yawa ba ne, amma tallafin karatu ba ya raguwa a hankali, da an haura layi ko da taku ɗaya ne ya tafi gaba ɗaya. Ke nan Lauya za ta shiga jami'a da aljihunmu. Sai dai akwai wata ƙofa. Duk wanda bai kwana a gida fiye da rabin shekara ba, doka ba ta ɗauke shi mazaunin gida ba, a inda yake kwana za a lissafa shi. In na ci gaba da zama a nan, ke da yara kuna ƙasa da layi, karatun Lauya kyauta.

Na sa Sakatare ya sake duba wurin, haka yake. Yayanki bai koya mana ƙarya ba, bai ce mu ɓoye komai ba, lissafinsa daidai ne, kuma don yana son 'yar ƙanwarsa ya yi. Ki gode masa. Shi dai a gidansa yake kwana, shi ya sa rabin shekara bai yi masa nauyi a baki ba.

Kamar an haɗa baki, washegari Manaja ya kira ni. Wai in ƙudurin ya wuce, aikin layin zai ƙaru da shekara uku, yana so in zama shugaban masu ja. Ya ce mutum irina a mayar da shi gyaran fis ɗin wutar gidaje a gari ai asara ce. Na ce ya ba ni lokaci. Kin ga ikon Allah, hannu ɗaya na gwamnati yana yankar kuɗin nisana, ɗaya hannun yana biyana in ƙara nisa.

Shawarar da kika kawo kuwa, wai ki ƙi karɓar muƙamin don mu tsaya ƙasa da layi in na dawo, kar ki sake kawo ta. Ina nan lokacin da kike karatun jarrabawar nan da Auta a baya, littafi jingine da tukunya. Ina nan lokacin da aka ɗauko wadda kika koya wa aiki aka ɗora a kanki, kika haɗiye. Ba za ki duƙa don a auna mu a ga mun gajarta ba. In kika ƙi muƙamin nan ban yafe ba, kuma kin san ba na yawan faɗin haka.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba don na ɗauke shi ƙaramin abu. Hutuna na ƙarshe, ina shigowa, Auta ta ruga ta buɗe kabad ta ɗauko kofin gilas ɗin nan mai bakin zinariya da kike ajiye wa baƙi. Ta ɗora a faranti, ta kawo mini ruwa da hannu biyu tana tafiya a hankali kar ya zube. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Da yamma na nemi kofina na silba mai lotsattsen gefe, na same shi a cikin buhun shinkafa, ya zama ma'auni. Washegari Lauya tana son zuwa gidan ƙawarta, ina zaune a falo, ta wuce ta gabana ta je kicin ta nemi izininki. Ba rashin kunya ba ne, ko kaɗan. Ta saba ne. Baƙo ake gaisarwa, ba a tambayarsa izini.

To yanzu ga shi gwamnati ta rubuta da manyan kalmomi abin da Auta ta riga ta faɗa da kofi. Ba mazaunin gida ba. Har lada za a ba ni in na yarda.

Ban yanke ba tukuna. Karatun yarinyar nan ba abin wasa ba ne, kuma ba zan sa kewata ta hana ta abin da ta yi wa wahala ba. Ki ba ni kwana biyu. Ki karɓi muƙaminki.

Ki shafa mini kan Auta. Allah ya tsare mini ku.

Mijinki,
Na-Tsakiya.


Daga sansanin aiki,
Ranar Asabar.

Maman yara,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, da fatan kuma Babbar ungozoma ta fara sabawa da a miƙe mata in ta shigo. Ya gajiyar aiki? Ya yara?

Jiya muka ba wani ƙauye wuta. Tun da aka kafa shi ba su taɓa ganin ƙwan lantarki ya kama a ɗakinsu ba. Manya sun zo daga birni a jerin motoci, kowace mota mutum ɗaya da direbansa, na tsaya ina kallo ina cewa ga alawus ɗina can yana tayar da ƙura. Aka yi jawabi har wuyanmu ya gaji, ba wanda ya ambaci waɗanda suka hau turaku. Ban damu ba, na saba.

Amma da aka ɗaga makunni, na bi layi ina dubawa, sai na biya ta ƙaramin asibitinsu. Wata nas ce ita kaɗai a wurin, ba ta wuce sa'ar ƙanwarki ba. Na same ta tsaye gaban firij ɗin magani ta dafa shi da tafin hannu tana jin yadda yake ruri. Ta ce shekara da shekaru yana nan a kwali, da fitilar waya take karɓar haihuwa, tana riƙe da ita a baki. Sai na ga kamar ke ce. Na fito na ci gaba da duba layi. Motocin manyan nan gaskiya ne, firij ɗin nan ma gaskiya ne, kuma kuɗi ɗaya ne ya sayo su. Zan ci gaba da zagin na farko, amma ba zan ce kar a karɓa daga wurina ba.

A hanyar dawowa na zauna kusa da Tsoho, wanda ya koya mini hawa turke. Tun kafin a haifi Lauya yake bin layi. Ya gina gida mai kyau, 'ya'yansa duk sun yi karatu, ba wanda zai ce bai yi ƙoƙari ba. Amma kowane hutu, kafin kwanakinsa su cika yake dawowa sansani. Na tambaye shi dalili. Ya ce suna girmama shi ƙwarai, su share masa ɗaki, su rage murya in yana nan, su yi ta tambayarsa ko yana bukatar wani abu. Ya ce in ya tafi ne suke sakewa, shi ya sa yake tausaya musu ya taho da wuri. Yana faɗa yana dariya. Ni ban yi ba.

Ga abin da na yanke, saura naki. Zan dawo. Za a lissafa mu gida ɗaya, don gida ɗaya ne mu. Za mu haura layinsu, mu biya ƙarin. Kuɗin jami'ar Lauya kuwa, mu sayar da filin nan da muka saya don gini. Na san rabin kuɗinsa guminki ne, na san har kin zaɓi inda tagar kicin za ta kalla, shi ya sa ba zan taɓa shi ba sai da yardarki. Na yi lissafi ba sau ɗaya ba, zai kai ta har ta gama, in muka ɗan matse. Za mu ci gaba da zaman haya, mai gida ya ci gaba da alkawarin gyara rufin da ba zai gyara ba. Ba komai, yanzu akwai mai hawa sama a gidan.

Na sayi filin ne don in sama muku gida, sai na wayi gari kuna da gida, ni ne ba ni da shi. In na ƙara shekara uku, Lauya ta tafi jami'a ke nan daga hannunki kaɗai, Auta kuma ta girma ta iya karɓar baƙi sosai.

Ina jiran amsarki. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Mijinki,
Na-Tsakiya.


Daga sansanin aiki,
Ranar Talata.

Maman yara,

Assalamu alaikum. Na gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar ƙafa. Ya gida, ya Umma, ya yara? Amsarki ta iso. Kin ce tagar kicin ba ta taɓa tambayarki ya gajiya ba. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba.

Na kuma ga shafi biyu da Lauya ta cusa a ciki. Ba a banza muka sa mata wannan suna ba. Wai muna shirin sayar da fili saboda dokar da ko naƙuda ba ta fara ba, majalisa na iya canza ta, mu jira a haife ta mu ga kamanninta. Ki ce mata ta ci wannan shari'ar. Ba za a kira dillali ba sai an sa hannu a doka. Ƙungiyarmu ma ta rubuta wa majalisa cewa a riƙa rage tallafin a hankali, kar a datse shi lokaci ɗaya a kan wanda ya haura da taku guda. Ni na fara sa hannu. Ko za su ji, ko ba za su ji ba, mun dai faɗa. Amma ɗaya maganar tata, wai ta jinkirta shiga jami'a da shekara, an kori wannan ƙarar, babu ɗaukaka ta. Dawowata kuma ba ta jiran majalisa.

Yayanki ya aiko cewa na zaɓi hanya mai tsada. Gaskiyarsa. Ki ce masa na sani, da idona a buɗe na saya.

Na faɗa wa Manaja. Ya yi ta juya biro, ya ce mu 'yan tsakiya sai mun yi haƙuri da nisa in muna son ci gaba. Na ce masa na yi, nawa ya ƙare. Mutumin kirki ne duk da haka, ya sa hannu bai ja ni ba. Tsoho ya karɓi katifata, wai tasa ta lotsa. Bel ɗin hawa turke kawai zan taho da shi, saboda rufin nan.

Ranar Litinin mai zuwa zan biyo motar kaya. Kar ki bar aiki don tarbata, ba baƙo za ki yi ba, ki bar mini makulli a wurin maƙwabta in kin fita. Abu ɗaya nake roƙo. A ciro kofina daga buhun shinkafa a wanke shi, ku nemi wani ma'aunin. In kuma Auta ta ruga kabad ɗin baƙi, kar a hana ta. Ta ɗauko mai bakin zinariyar, ta ɗora a faranti, ta kai wa direba. Shi zai wuce.

Sai na iso, da yardar Allah.

Mijinki,
Na-Tsakiya.